BAƘO KO DA IDO MAKAHO NE: Sana'ar Zagayawa da Baƙin Ma'aikata a Birnin Ankara

Daga wakilinmu a Ankara

Duk wanda ya taɓa zuwa taryen ɗan'uwa a filin jirgin saman Ankara, babban birnin ƙasarmu Ghana, musamman da daddare lokacin da jiragen Turai suke sauka, ba zai rasa ganin waɗansu mutane a tsaitsaye bakin ƙofar fitowa ba, kowanne riƙe da takarda mai ɗauke da sunan wani. Waɗansu direbobin otal ne, waɗansu kuma na ofisoshin jakadanci. To amma a cikinsu akwai masu wata sana'a wadda yawancinmu mazauna zango ba mu san da ita ba, ko da yake kakanninmu ne suka fi kowa ƙwarewa a kanta a ƙasar nan. Sana'ar kuwa ita ce ta karɓar baƙon da aiki ya kawo, a zaga gari da shi, a nuna masa unguwar da zai zauna da makarantar da 'ya'yansa za su shiga da asibitin da zai nufa in zazzaɓi ya kama shi da tsakar dare, kana a aika wa kamfanin da ya ɗauko shi takardar biyan kuɗi. Masu aikin suna da sunansa da Turanci, mu dai a nan za mu kira shi zagayen sanin gari.

Dalilin da ya sa manyan kamfanoni suke biyan kuɗin wannan zagaye ba boyayye ba ne. Ɗauko ma'aikaci ɗaya da iyalinsa daga Landan ko Johanasbak ko Mumbai yana cin dukiya mai yawa, tun daga kuɗin jirgi da na kwantenar kaya har zuwa hayar gida da kuɗin makarantar yara. In zama bai yi wa iyalin daɗi ba suka tattara suka koma kafin wa'adi ya cika, duk wannan dukiya ta bi ruwa, kuma sai an sake neman wani. Saboda haka kuɗin kwana biyu ko uku na zagaye bai taka kara ya karya ba in aka gwada shi da waccan asarar.

SU WANE NE BAƘIN?

Ankara ta daɗe tana karɓar irin waɗannan baƙi. A watan Agusta na 1961 Ghana ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta karɓi matasan Amurka 'yan sa kai na ƙungiyar Peace Corps, su kimanin 50, waɗanda aka koya musu ɗan abin da ya samu na harshe da al'ada kafin su taso, har suka rera waƙa da harshen Twi da saukarsu daga jirgi. A wannan shekarar ce kuma shahararren masanin nan baƙar fata na Amurka, W.E.B. Du Bois, ya dawo Ankara da zama bisa gayyatar Kwame Nkrumah, kuma a nan ya rasu a 1963.

Yawan baƙin ya ƙaru ƙwarai bayan da aka gano man fetur a tekun Jihar Yamma a 2007, aka kuma fara haƙo shi a ƙarshen 2010. Ga kamfanonin zinariya na Obuasi da Tarkwa da Ahafo, ga bankuna da kamfanonin waya, ga ofishin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da Afirka baki ɗaya. A 2020 aka buɗe sakatariyar yarjejeniyar cinikayya maras shinge ta nahiyar Afirka a nan Ankara, abin da ya jawo ma'aikata daga ƙasashen Afirka da dama. Har ila yau akwai jikokin bayi na Amurka da tsibiran Karibiyan, waɗanda shirin Shekarar Dawowa na 2019 ya ja hankalinsu. A watan Nuwamba na wannan shekarar an bai wa mutum 126 daga cikinsu takardar zama 'yan ƙasa, a Nuwamban 2024 kuma aka bai wa 524. Ke nan wanda ake zagayawa da shi a yau ba lalle ne ya zama Bature ba. Yana iya zama ɗan Kenya ko Basine ko Baturke, ko ma Bahaushen Kano da banki ya turo.

KWANA BIYU A CIKIN MOTA

Aikin yakan fara tun baƙo bai taso ba. Akan aika masa da takardar tambayoyi: yara nawa ne kuma shekarunsu nawa, akwai mai ciwon da ke bukatar likita a kai a kai, wane addini ake bi, nawa kamfani ya ware na haya, akwai kare ko kyanwa da za a zo da su. Waɗansu kamfanoni sukan kawo ma'aikaci da mai ɗakinsa ziyarar 'yan kwanaki tun kafin ya sa hannu a takardar aiki, domin gani ya kori ji. Waɗansu kuwa sai an iso gaba ɗaya, ana zaune a otal, sannan a fara.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, ƙwararren ɗan jagora ba ya farawa da gida, da makaranta yake farawa. Jihar Ankara tana da mutane sama da miliyan 5.4 a ƙidayar 2021, kuma duk wanda ya taɓa bin hanyar Spintex ko ta Madina da ƙarfe 7 na safe ya san abin da wannan adadi yake nufi a kan titi. Yaron da gidansu yake wannan gefe na gari makarantarsa kuma a wancan gefe zai ƙare ƙuruciyarsa a cikin mota. Don haka sai a fara duba makarantar Ghana International School da ke Cantonments, wadda aka kafa a 1955 tana bin tsarin Ingila, ko Lincoln Community School da ke Abelemkpe, wadda aka kafa a 1968, ko makarantar Faransawa da ke East Legon. In an sami gurbi, sannan a nemi gida a kusa.

Unguwannin da ake nunawa sanannu ne: Cantonments, Ridge, Labone, Roman Ridge, Airport Residential da East Legon. Baƙo yana kallon fenti da girman falo, shi kuwa ɗan jagora idonsa na wani wuri. Yana duba girman tankin ruwa da lafiyar janareta, domin mutanen Ankara ba su manta da shekarun dumsor ba, wato ɗauke wuta da kawowa da aka sha fama da shi tsakanin 2012 da 2016. Yana duba kwata da gindin katanga ko akwai shatin ruwa, domin gidan da ya yi kyau da rani yana iya zama tafki a watan Yuni. Ambaliya da gobarar gidan mai da suka haɗu a Circle ranar 3 ga Yuni 2015 suka kashe mutum sama da 150 suna cikin labaran da ake ba baƙo, don ya san cewa in hadari ya haɗu a garin nan ba a wasa da shi.

A wajen maganar haya ne amfanin ɗan gari yake fitowa sosai. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin da ya wuce na wata 6 a gaba, amma kowa ya san ana neman na shekara ɗaya ko biyu, daga ɗaki ɗaya a Mamobi har zuwa bene a Labone. Haka nan Babban Bankin Ghana ya sha yin gargaɗi cewa doka ta hana sa farashi da kuɗin waje ba tare da izini ba, amma duk da haka da dala ake faɗin hayar manyan gidaje. Wanda kuma ya yi sha'awar sayen fili sai a tuna masa cewa tsarin mulki na 1992 bai yarda wanda ba ɗan ƙasa ba ya mallaki ƙasa har abada ba, iyakarsa haya ta shekara 50 a lokaci guda, kuma fili ɗaya a sayar wa mutum uku ba sabon labari ba ne a kotunan Ankara.

Daga nan sai asibiti. Akan nuna Korle Bu, wadda aka buɗe a 1923 zamanin Gwamna Guggisberg, da asibitin soja na 37 da na Ridge da waɗansu masu zaman kansu, a kuma rubuta wa baƙo lambar gaggawa ta 112. Gargaɗin da aka fi nanatawa shi ne na zazzaɓin cizon sauro. Jikin wanda bai tashi a ƙasar sauro ba ba shi da kariyar da namu yake da ita, saboda haka duk zafin jiki, komai ƙanƙantarsa, a je a gwada jini a ranar.

Rana ta biyu ta takardu ce da kasuwa. Akwai izinin aiki da izinin zama daga hukumar shige da fice, akwai katin shaida na waɗanda ba 'yan ƙasa ba, wanda sai da shi harkar banki da rajistar layin waya suke tafiya daidai. Akan koya masa biyan kuɗi ta waya, abin da ya shigo ƙasar nan a 2009 har ya kai mai sayar da kwakwa ma yana karɓa. Akan bayyana masa cewa a 2007 an cire sifiri 4 daga jikin sidi, amma har yanzu akwai 'yan kasuwa da ke lissafi da tsohon kuɗi, don haka in wata uwa a Makola ta ce masa miliyan ɗaya kada ya firgita, sidi 100 take nufi. Wanda ya fito daga Ingila ko Kenya ko Indiya sai a tuna masa cewa tun watan Agusta na 1974 Ghana take tuƙi a hannun dama. Kuma ko da yake an shigo da adireshin zamani na GhanaPostGPS a 2017, kwatancen da direba yake ganewa shi ne na bayan gidan mai, kusa da mai sayar da waakye.

ABIN DA BA A RUBUTA A DOKA BA

Sashen da baƙi suka fi tunawa shi ne na al'ada. Kada a miƙa abu ko a karɓa da hannun hagu. Kada a shiga ofis ko shago a fara tambaya ba a yi gaisuwa ba, in kuma mutane suna zaune a jere, daga dama ake fara musafaha. In yara suka bi shi suna kiran obroni, ba zagi ba ne. In abokan aiki suka tambaye shi ranar da aka haife shi suka koma kiransa Kofi ko Kwame, ko suka kira matarsa Akosua, to sun karɓe su ke nan, kamar dai yadda mu muke da Ɗanjuma da Ɗan'asabe da Ladi. In ya tarar an toshe titi da rumfuna ranar Asabar, mutane sanye da baƙi da ja, jana'iza ce, kuma in ta iyayen abokin aikinsa ce ana sa ran ganinsa da ɗan abin gudummawa a hannu. Haka kuma kowace shekara, gabanin bikin Homowo, sarakunan gargajiya na Ankarawa sukan hana kiɗa da hayaniya har tsawon wata guda. A ƙarshen shekarun 1990 wannan hani ya jawo rigingimu tsakaninsu da waɗansu coci-coci, saboda haka baƙon da ya ɗauko makaɗa don bikin shiga sabon gida a wannan lokaci zai ga abin da bai zata ba.

Akwai kuma wata magana da ake yi wa baƙo a asirce, wadda ta shafi zuciyarsa. Wani masanin halayyar al'umma haifaffen Kanada, Kalervo Oberg, ya yi wa matan baƙin ma'aikata lacca a birnin Riyo na ƙasar Barazil a 1954, aka kuma buga bayanin nasa a 1960. Ya ce baƙunci yana da ciwo irin nasa, mai hawa huɗu. Da fari akwai amarci, lokacin da komai na sabon gari yake burge mutum. Sai lokacin ƙunci, inda zafi da cunkoso da jinkirin ma'aikata suke hasala shi, ya koma ba ya zama sai da 'yan ƙasarsu ana zagin gari. Daga nan sai ya fara koyon 'yan kalmomi yana yi wa kansa dariya, a ƙarshe kuma ya saba. Duk wanda ya taɓa zaman Jidda ko Hambug ko Niyok a cikinmu zai ce wannan Bature bai faɗi sabon abu ba. Amfanin faɗa wa mutum tun da wuri shi ne, in ƙuncin ya zo ya san mai wucewa ne, kada ya sayi tikitin komawa. Kuma an lura cewa wanda ya fi shan wahala shi ne wanda aka bari a gida, mace ko namiji, domin mai zuwa ofis yana da abokan hira tun ranar farko.

HANYAR DA MOTA BA TA BI

Duk da wannan ƙoƙari, zagayen yana da gibi, kuma gibin ya shafe mu. In aka ɗauko baƙo daga filin jirgi aka biyo Liberation Road, za a wuce asibitin 37 da fadar shugaban ƙasa a shiga Ridge ko a karkata Cantonments da Osu. Nima da Mamobi suna nan dab da hannun dama, tafiyar 'yan mintoci, amma da wuya mota ta karya ta shiga. In ma an ambace su, sau da yawa a jerin wuraren da ake cewa a yi hattara ne.

Wannan taswira tana da tarihi. Bayan da Turawan Ingila suka ɗauke hedkwatar Gwalkwas daga Cape Coast suka dawo da ita Ankara a 1877, sun keɓe wa kansu unguwanni a kan tudu nesa da 'yan ƙasa, suna kafa hujja da sauro da shawara. Ridge da Cantonments daga nan suka samo asali. Masu yi musu dafuwa da gadi da wanki da aikin soja kuwa, da yawansu mutanen arewa ne da baƙi daga ƙasashen maƙwabta, kuma a zango suke kwana. Nima, wadda Malam Amadu Futa ya kafa a farkon shekarun 1930, ta cika ta batse ne da irin waɗannan ma'aikata. Har gobe in ka bincika mai gadin babban gida a Airport Residential ko direban ofishin jakadanci, ba mamaki ka tarar daga Nima ko Mamobi yake fitowa kowace asuba. Wato baƙo yana hulɗa da zango kullum a ƙofar gidansa, amma bai taɓa ganin inda zangon yake ba.

Abin da ake hana shi gani kuwa ba kaɗan ba ne. Ga kasuwar Nima ta ranar Laraba, inda hatsi da kayan yaji na Sahel suke sauka. Ga Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021 da taimakon Turkawa. Ga Fadama, mazaunin Babban Limamin Ƙasa Shehu Usman Nuhu Sharubutu, wanda a 2019, lokacin cikarsa shekara 100, ya ziyarci cocin Katolika na Christ the King, labarin da ya zaga duniya. Waakyen da baƙo yake yabawa a otal, sunansa ma daga wake ya fito. Koko da ƙosai da tuwon zafi da tsitsinga duk daga hannun iyayenmu suka shiga bakin sauran jama'ar ƙasa, garin Kasoa kuma kasuwa ce aka lanƙwasa. Mutumin da ya yi shekara uku a Ankara bai san wannan ba, rabin gari aka nuna masa. Kuma irin waɗannan baƙi su ne suke rubuta rahotannin da ake rabon ayyukan raya ƙasa da su, su ne suke ɗaukar ma'aikata. Yaron da ya rubuta Nima a takardar neman aiki yana gaban mutumin da abin da ya sani game da Nima shi ne gargaɗin da aka yi masa a mota.

MAI GIDA DA BAƘONSA

Abin takaicin shi ne, wannan sana'a tamu ce tun asali. Zamanin fataucin goro, ayarin da ya taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato yakan yi watanni a hanya kafin ya iso Salaga ta ƙasar Gwanja, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu. Madugu ne yake shirya da sarakunan hanya, amma in an iso kasuwa kowane falke yana da mai gidansa. Mai gida ne yake ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta, ya gaya masa farashin gari da wanda za a ba bashi da wanda ba za a ba ba, shi kuma ya sami la'adarsa. Bayan da Turawa suka ci Tonawa da yaƙi a 1874, da kuma basasar Salaga ta 1892, 'yan kasuwa suka watsu zuwa Kete Krachi da Kintampo da Kumasi da Ankara, suka tafi da wannan tsari duk inda suka sauka. A nan Ankara, Malam Bako ɗan Malam Naino ya kafa Sabon Zango 'yan shekaru bayan annobar 1908, yana yanka wa baƙi filaye.

Masana sun yi rubutu a kan wannan tsari. Polly Hill ta bayyana aikin masu gida a kasuwar shanu ta Kumasi a 1966, Enid Schildkrout ta fitar da littafi kan zangon Kumasi a 1978, Deborah Pellow kuma kan Sabon Zangon Ankara a 2002. Fim ɗin Jaguar na Bafaranshe Jean Rouch, wanda aka ɗauka a shekarun 1950, ya bi samari uku daga Nijar har Gwalkwas, kuma ya nuna yadda baƙo yake sauka a hannun 'yan garinsu. Sabon zuwa ba ya bukatar adireshi. Tambaya ɗaya ce, ina gidan sarkin Zabarmawa ko na Mosawa ko na Hausawa, daga nan an gama.

Inda mai gida ya fi kamfanin zamani shi ne ɗaukar nauyi. Ɗan jagoran kamfani in kwanakinsa sun cika ya yi sallama, sai dai a kira shi a waya. Mai gida kuwa shi ne lamuni. In mahauci ya karɓi shanu bashi ya ƙi biya, wuyan mai gida ake kamawa. In baƙo ya yi rigima shi ne mai zuwa beli, in ya rasu shi da sarkin zango ne masu yi masa sutura su kuma nemi magadansa. Amma akwai abu ɗaya da tsarin bai tanada ba, shi ne takarda. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama mako biyu ya bar ƙasa. Dubun dubatar mutane suka fita, cikinsu har da waɗanda a nan aka haife su, aka bar gidaje da shaguna a hannun maƙwabta ko aka sayar da su a wulaƙance. Dattawanmu ba su manta ba. A 1983 kuma Nijeriya ta kori 'yan Ghana kimanin miliyan ɗaya, abin da ya nuna cewa wannan masifa ba ta da ƙasa.

BAƘON DA BA MAI TARYARSA

A yau ma baƙi suna sauka a Ankara ta ƙasa, ta Aflao ko ta Paga, a motocin da ke tsayawa Circle da Tudu da Nima, ko a bayan motocin albasa da ke zuwa Adjen Kotoku, inda aka mayar da kasuwar albasa daga Agbogbloshie a 2021, ko tare da shanu zuwa Tulaku ta Ashaiman. Ba mai riƙe musu takarda da suna. A harkar albasa da shanu tsarin mai gida yana nan da ransa, amma a cikin unguwa ya yi rauni. Gidaje sun cika, zaurukan da ake sauke baƙi sun koma shaguna da ɗakunan haya, kuma halin tsaro ya sa mutane suna ɗari-ɗari da wanda ba su sani ba. Gurbin da mai gida ya bari, lambar waya ce ta cike shi, kuma wani lokaci mai lambar macuci ne da ya yi alkawarin aiki ta intanet ya karɓe kuɗi da fasfo.

Dokoki kuwa sun fi na da yawa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ba biza har kwana 90, amma wanda zai wuce haka sai ya nemi izinin zama, kuma da yawa ba su san wannan ba. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwa ga 'yan ƙasa, abin da ya sa aka rufe shagunan 'yan Nijeriya da dama a 2019 da 2020. A watan Janairu na 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS, ko da yake ƙungiyar ta ce a lokacin a ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasashen har sai an ji sanarwa ta gaba. A watan Mayu na wannan shekarar hukumar shige da fice ta kwashe mutum sama da 2,000 masu bara a titunan Ankara, akasarinsu 'yan Nijar, mata da yara da yawa a ciki, aka mayar da su gida. Mai jan kwantena da mai ƙunshin kaya a ka duk baƙi ne, amma wanda ya fi bukatar a gaya masa doka shi ne wanda ba mai gaya masa.

ABIN YI

Na farko, ga matasanmu. Da ɗan gari akan ci gari, kuma ba wanda ya kai ɗan zango cancantar wannan aiki. Yaron Nima ko Sabon Zango yakan tashi da Hausa da Twi da Ga da Turanci, wani har da Faransanci ko Larabci, ga sanin lungu da saƙo. Abin da ya rage shi ne lasisin jagorar baƙi daga Hukumar Yawon Buɗe Ido ta Ghana, da karatun tarihin gari, da cika alkawarin lokaci, domin wanda ya ce ƙarfe 8 ya zo 8 da rabi ya rasa aikin. Wanda zai shigo da baƙi unguwa kuma ya shigo da su ta ƙofa: a fara gaida mai unguwa, kada a ɗauki hoton kowa sai da izininsa, a sayi abu a kasuwa, kada a mai da talaucin mutane abin kallo. Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017 wuri ne da ya dace a kai kukan horo irin wannan. Kada kuma a raina sana'ar. Manyan kulob-kulob na ƙwallo a Turai suna da ma'aikaci na musamman mai sauke sababbin 'yan wasa, domin ɗan Nima irin Mohammed Kudus, da ya je Ajax a 2020 ko West Ham a 2023, shi ma baƙo ne a can.

Na biyu, ga sarakunan zango da kwamitocin masallatai da shugabannin tasha. Abin da kamfani yake ba babban ma'aikaci a cikin jaka mai kyau, za a iya taƙaita shi a takarda ɗaya da boko da ajami, a kuma karanta shi a saƙon murya na WhatsApp saboda wanda ba ya karatu: kwana nawa doka ta ba ka, ina ofishin shige da fice yake, wace sana'a aka hana baƙo, kada ka biya haya ba rasit, kada ka miƙa wa kowa fasfonka, ga lambar gaggawa, ga gidan sarkin mutanenku. A liƙa ta a tashoshin Circle da Tudu da kasuwannin albasa da shanu. Kuɗin buga wannan bai kai na rumfar biki ɗaya ba.

Na uku, ga kamfanonin da ke wannan sana'a, waɗanda muka san waɗansu ma'aikatansu suna karanta sashen Turanci na wannan jarida. Ku ƙara sa'a biyu a zagayenku, ku karya ta Kanda ku shigo Nima ranar Laraba. Za a ba baƙonku kujera da ruwa, domin mu an hore mu da cewa baƙonka annabinka. Allah ya sa mu dace, ya kai kowane matafiyi masaukinsa lafiya.